Ba Dogo Ne a Kan Sitiyari Ba

Ranar da Auta ta fara lura da idon Dogo, ta ɗauka hasken ɗakin ziyara ne ke yaudararta. Ɗakin ba shi da taga sai wata 'yar kafa can sama, ƙwan lantarkin da ke rataye kuwa ya dafe har haskensa ya koma kalar ruwan shayi. Sai da ya matso jikin ragar ƙarfen da ta raba fursunoni da masu ziyara ta ga ba fitila ba ce. Farin idonsa ne ya rine.

"Yaya Dogo, me ya sami idonka?"

"Rashin barci ne." Ya cusa hannu cikin riga yana susar ciki, irin susar da mutum ba ya ma sanin yana yi. "Yaya Babba bai zo ba?"

"Ya kai kaya, yana hanya."

"Ai gara. Mota ba ta son zama."

Su uku Umma ta haifa. Yaya Babba mai babbar motar dakon kaya, Dogo yaron motarsa, sai Auta da ke ɗinki a wani ɗan shago kusa da gida. Shekarun baya motar ta murƙushe wani mai babur a mararraba. Yaya Babba ne a kan sitiyari, waya manne a kunnensa. Kafin 'yan sanda su iso gida an riga an gama magana a ɗakin Umma: Babba yana da mata da yara, shi ke ciyar da kowa, Dogo kuwa ko budurwa ba shi da ita. Aka ce wata nawa ne, za a bi ta hannun manya a fito da shi. Dogo ya ce to. A gaban alƙali ya ce shi ya ɗauki mota ba da izini ba.

Tana shirin fita wani gandiroba ya ce malamin asibiti na son ganin dangin Dogo. Ta same shi a wani ɗan ɗaki mai gado biyu da kabad ɗin da babu komai a ciki sai maganin ciwon kai da auduga.

"Ke ce ƙanwarsa? Zauna. An yi wa fursunoni gwajin jini, an sami ciwon hanta a jikinsa, wanda ake ce wa nau'in C. Ta jini ake ɗauka. A nan reza ɗaya sai ta zagaye ɗaki guda, ta aske wannan ta yanki wancan. Ba zan rantse miki a nan ya ɗauka ba, don cutar takan daɗe a jiki ba ta yi magana ba. Amma tasa ta fara cin hantar."

"Mutuwa zai yi?"

"Ba dole ba. Tana da magani, ƙwayoyi ne na 'yan watanni, kuma ana warkewa sarai. Mu dai ba mu da su, sai dangi su sayo. Kuma ki faɗa a gida, ba a ɗaukarta ta kwano ko kofi ko gaisawa." Ya juya biro a hannunsa. "Abin da ya fi damuna kansa ne. Ba ya barci. 'Yan ɗakinsu sun ce zama yake yana magana da wanda ba sa gani. Ciwon yana sa kasala da baƙin rai, zaman nan ma yana sawa, to ga su sun haɗu a kan mutum ɗaya. Yana bukatar ya riƙa ganin fuskar 'yan uwansa. Ke kaɗai ce danginsa?"

Auta ta ce a'a.

Ta tarar da Yaya Babba a tsakar gida yana jera hotunansa a kan tabarma. Takarar shugaban ƙungiyar direbobin tasha yake yi, an buga shi da babbar riga yana murmushi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗa masa komai yadda malamin asibiti ya faɗa.

"Ciwon hanta kuma." Bai ɗago ba. "Auta, mutanen nan 'yan kasuwa ne. Sun ga mace ta zo ita kaɗai, sai su ƙirƙiro cuta. Wanda hukuma ta tsare, hukuma ce ke da alhakin maganinsa."

"Sun ce ba su da shi, Yaya. Na tambaya a kantin magani, ya fi ƙarfin keken ɗinkina."

"To bari a wuce zaɓen nan. Kin ga yanzu ko tari na yi sai an kai wa abokin takarata labari. In aka gan ni a ƙofar gidan yari me za a ce?"

"A ce ka je ganin ƙanenka."

Anti, matar Yaya Babba, tana bakin murhu tana jin su. Ta ce, "Ni dai abin da zan roƙa, kayan nan nasa da kike kawowa wanki, ki daina shanya su a igiyarmu. Ina da ƙananan yara."

Auta ta shiga ɗakin Umma tana sa ran ko a nan za ta sami mai kuka tare da ita. Umma ta yi kukan kuwa, ta share hawaye da gefen mayafi, sannan ta ce, "Ki bi yayanki a hankali. Shi kaɗai ya rage mana a tsaye. In kika takura shi ya faɗi, wa zai ɗauke mu? Dogo mai haƙuri ne tun yana ciki. Addu'a za mu yi masa."

"Umma, ko sau ɗaya ki je ya gan ki."

"Ƙafafun nan nawa ba za su iya layin nan ba."

Ƙafafun sun iya zuwa kasuwa washegari, da aka ce an sauke atamfa mai sauƙi.

Aka ɗage zaɓen, maganar magani ta ɗagu tare da shi. Mako ya bi mako. Yau an ce mota ta lalace a hanya, gobe an ce ana jiran wani babban mutum da zai sa baki a saki Dogo gaba ɗaya, to me za a yi da magani. Ana cikin haka aka sauke sababbin tayoyi a gidan, aka jera su a sito suna ƙamshin roba. Auta ta riƙa karɓar ɗinki fiye da ƙarfinta, tana taka keke har ƙafarta ta kumbura, amma abin da take tarawa sai ya tafi a sabulu da reza sabuwa da ɗan abin da za ta kai masa.

Shi kuwa Dogo kowace ziyara da abin da ya ragu a jikinsa. Mutumin da a da in ya shigo gida sai ya sunkuya a ƙofa, ya ɗaga Auta sama yana ce mata 'yar tela mai ɗinka aljihu a baya, yanzu wuyansa ya zama kamar na tulu, ciki ya fito, fatar hannunsa duk sawun farce. Ya daina tambayar Yaya Babba. Wata rana ya tambaye ta ko an ɗauke takalmin mai babur ɗin nan daga kan titi. Wata rana bai ce komai ba har gandiroba ya buga ƙarfe.

Sai ranar da ta zo aka ce an mai da shi ɗakin masu taɓin hankali, don ya tashi yana dukan bango da kai. Aka kawo shi da gandirobobi biyu, goshinsa da bandeji. Ya zauna, ya dube ta da kyau, ya rage murya kamar mai ba da amana.

"Auta, ni na kashe shi."

"Ba kai ba ne, Yaya Dogo. Ka san ba kai ba ne."

"Ni ne. Na faɗa da bakina. Alƙali ya faɗa. Yaya ya faɗa, Umma ma ta faɗa. Mutum nawa ne za su yi ƙarya?" Ya sosa wuya. "Yana zuwa kullum ya zauna a ƙarshen tabarmata. Ba ya faɗa, kallona kawai yake."

Ta riƙe ragar har ƙarfen ya shata mata yatsu.

A gida ta faɗa wa Yaya Babba, tana tunanin wannan kam zai girgiza shi. Yana shan ruwa lokacin. Ya sauke kofin a hankali.

"Haka ya ce? Shi ya kashe shi?"

"Haka ya ce. Hankalinsa ya taɓu, Yaya."

"Allah sarki." Ya jingina da bango, ya saki wata doguwar ajiyar zuciya. "To kin gani. Shi ma ya karɓi ƙaddararsa."

Auta ta dubi fuskar yayanta, ta ga abin da ba za ta taɓa mantawa ba. Sauƙi ne ta gani. Shekara da shekaru mutumin nan yana kwana da tsoron ranar da Dogo zai gaji ya buɗe baki, yau an kawo masa albishir cewa ko ya buɗe ba mai saurarensa. A nan ta gane maganin ba tsada ya yi wa Yaya Babba ba. Dogo mai lafiya ne ya yi masa tsada.

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauke kofin ta wanke, ta kife a inda ake kifewa. Daga ranar ta daina roƙonsa komai, har Anti tana cewa yarinyar nan ta yi hankali.

Ba wani babban mutum da ya sa baki. Gidan yarin ne ya gaji. Hukuma ta zo duba marasa lafiya, aka ware waɗanda ake ganin ba za su kai ba, aka sallame su don kada su mutu a hannun gwamnati. Dogo na ciki. Auta ce ta je ta taho da shi a motar haya, yana rufe ido duk sanda babur ya gifta.

Ɗakinsa na da ya zama ɗakin karatun yaran Anti. Aka share masa gefe guda a sito, tsakanin tayoyi da jarkokin mai, aka shimfiɗa tsohuwar katifa. Anti ta ware masa kwano da kofi ta ɗiga musu jan fenti. Auta ta maimaita abin da malamin asibiti ya faɗa, cewa ba a ɗauka ta nan.

"Shi malamin asibitin zai zo ya yi mini jinyar yara?" in ji Anti.

Aka hana yaran zuwa wajen. Ƙaramar cikinsu, da ba ta san shi ba, ta riƙa ce masa mutumin sito. Rana ta farko da ya fito tsakar gida yana neman inda rana take, ya tsaya yana kallon igiyar shanya yana magana shi kaɗai, maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Kafin la'asar Yaya Babba ya kira kafinta ya sa sakata ta waje.

"Don lafiyarsa ne. In ya fita titi mota ta buge shi fa?"

Umma takan zo bakin ƙofar ta tsaya, ta ce, "Dogo, ya jiki?" ta cikin katako, ba ta jira amsa ba ta wuce. In baƙi sun zo Yaya Babba yakan nuna ƙofar da haɓa, ya girgiza kai. "Jarrabawata ke nan. Ya ɗauki motata ya kashe mutum, ya jawo mini asara, yanzu ga shi ya dawo ba hankali. Amma ɗan uwa ɗan uwa ne, ina zan kai shi?" Baƙin su ce Allah ya saka masa da alheri, samun irinsa sai an tona.

Auta ke buɗe sakatar safe da yamma. Ita ke yi masa wanka, ta kwashe bokitin da yake bahaya a ciki, ta ba shi abinci a baki. Zafin sito da warin roba da mai suna sa shi amai. In ta zauna kusa da shi yakan ba ta labarin ranar, kullum labari ɗaya, kalma ɗaya, kamar karatun da aka haddace. Ta saurara har ita ma ta haddace. A cikin labarin ta ji wani abu da shi bai san yana faɗa ba.

Ta san inda matar mai babur take, don ta gan ta a kotu tana ɗauke da goyo. Shara take yi a wata makarantar firamare. Auta ta same ta da tsakar rana tana kwashe takardun da yara suka zubar a bayan aji.

"Ni ƙanwar wanda aka ɗaure ce."

Matar ta miƙe tana riƙe da tsintsiya. "In gafara kika zo nema masa, ki koma. Ba ranar da ba na kai ƙararsa wurin Allah."

"Ba gafara na zo nema ba, Yaya. Na zo in gaya miki shekarun nan duk kina kai ƙarar wanda bai yi ba. Wanda ya yi yana nan, ya yi ƙiba, jibi za a zaɓe shi shugaba."

Suka zauna a kan dakalin aji. Auta ta faɗa mata komai, har abin da aka ce a ɗakin Umma. Matar ba ta katse ta ba. Da ta gama sai ta ce, "Me kike so in yi?"

"Ki zo ki tsaya kawai. Ina so ya ga fuskarki."

"Uwarku ɗaya fa."

"Shi ma wanda ke sito uwarmu ɗaya."

Yaya Babba ya ci zaɓe. Washegari da hantsi direbobi suka cika gidan, aka jera benci a tsakar gida, aka kawo lemo cikin bokitin ƙanƙara. Tun safe Anti ta ba Auta ƙwayar barci guda biyu ta ce a sa wa Dogo a shayi, kada ya yi wa mutane ihu. Auta ta karɓa ta jefa a magudana.

Ta bari sai da aka natsu, wani dattijon direba da kowa ke ce wa Baba Mai Tirela ya gama yabon sabon shugaba, yana cewa mutumin da ya riƙe ɗan uwansa a irin wannan hali zai riƙe ƙungiya. Sannan ta shigo da matar mai babur ta tsayar da ita a tsakiyar fili. Ta wuce ta zare sakatar.

Warin ne ya fara fitowa. Sai Dogo, dafe da kafaɗarta, yana ƙifta ido. Mafi yawan mutanen nan sun san shi yana ɗaure kaya a saman mota yana waƙa. Wani ya ajiye kwalbar lemonsa a ƙasa.

"Auta, mai da shi ciki," in ji Yaya Babba, murya ƙasa-ƙasa.

"Abokan aikinsa ne, Yaya, bari su gaisa." Ta juya ga Dogo. "Yaya Dogo, ga su Baba. Faɗa musu yadda aka yi ranar nan."

Dogo ya dubi taron. "Ni na kashe shi."

Yaya Babba ya buɗe hannuwa yana kallon mutane, irin kallon kun dai gani.

"Faɗa musu daga farko," in ji Auta.

"Mun taho mararraba. Na hango shi ta tagata, ya ɗauko buhu a baya. Na ce Yaya, birki. Yana waya bai ji ba. Na ce Yaya, birki, birki. Na makara. Da na faɗa da wuri da yana nan. Na sauka na ɗora kansa a cinyata, yana ta neman takalminsa. Ni na kashe shi, ban faɗa da wuri ba."

Ba wanda ya motsa. Baba Mai Tirela ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Dogo, ɗana. Wa kake ce wa birki, in kai ke tuƙi?"

Dogo ya dube shi, ya dubi yayansa. Sai fitsari ya biyo ƙafar wandonsa.

"Mahaukaci ne," in ji Yaya Babba. "Baba, kowa ya san mahaukaci ne, maganarsa ba abin kamawa ba ce."

"Ni fa?" in ji Auta. "Ni ma mahaukaciya ce? Ina ɗakin Umma ranar. Ni na kawo maka ruwa ka wanke fuska. Kai ka ce masa wata nawa ne. Ya kamu da ciwon hanta a can, aka ce ƙwayoyi ne na 'yan watanni ya warke, na durƙusa maka ka ce sai an wuce zaɓe. To an wuce. Wannan kuma matar wanda ka taka ce. Ka dube ta, ba ta cizo."

Bai dube ta ba. Matar ce ta tako har gabansa, ta tsaya tana kallonsa sama da ƙasa kamar mai tayin kaya.

"Ashe kai ne," ta ce. "Kai ne ka zo gidana da buhun shinkafa kana ba ni haƙuri a madadin ƙanenka. Har na yi maka addu'a."

Umma ta fito daga ɗaki ba mayafi tana kiran sunan Allah, tana cewa a rufa asiri, magana ce ta cikin gida. Baba Mai Tirela ya mayar da hularsa ya miƙe. Bai yi sallama ba. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, aka bar lemo a cikin ƙanƙara.

A ranar Auta ta kwashe Dogo ta kai shi ɗakin bayan shagonta. Kwana da kwanaki yana ƙudundune a lungu, in ya ji muryar namiji sai ya rufe kai. Ta san ita ta jawo masa wannan. Ta fito da shi gaban mutane kamar yadda ake fito da hujja, ba ta tambaye shi ba. Takan zauna ta auna abin a ranta, kuma kullum amsa ɗaya take samu: da za a mayar da ranar, za ta sake zare sakatar.

Ita da matar mai babur suka je wurin 'yan sanda, suka je wurin lauya, aka yi ta kai su ana kawo su. Da farko ba wanda ya so taɓa tsohuwar shari'a. Amma tasha ta riga ta ɗauka, kuma da bakin mutane ya buɗe sai ga wani mai faci a mararrabar ya tuna ta wace ƙofa kowa ya sauko. Ƙungiya ta tsige Yaya Babba tun bai zauna a kujerar ba. Daga baya aka zo aka tafi da shi, aka tsare shi ana jiran shari'a. Direbobi suka yi karo-karo, Baba Mai Tirela da kansa ya kawo maganin har shago a cikin leda, ya ajiye a kan teburin yanka, ya kasa haɗa ido da Auta.

Dogo ya sha ƙwayoyin. Watanni kaɗan aka sake gwaji aka ce ƙwayar cutar ta fita daga jininsa, ko da yake tabon da ta yi wa hantar yana nan. Idonsa ya washe, susar ta tsaya, har ya fara cin abinci da hannunsa. Abin da aka ce ya gagara ke nan. Auta ta riƙe sakamakon a bakin asibiti tana jin kamar ta koma gidan ta fasa duk abin da ke fasuwa.

Hankalin ne bai dawo ba. Likitan ƙwaƙwalwa ya ce a ci gaba da kawo shi, wasu suna dawowa, wasu sai a hankali. Yakan zauna a bayan shago yana tsince mata zare daga tsummoki, shiru, ba ya cutar da kowa.

Wata rana da rana tsaka Umma ta zo. Ta rame, ta tsaya a bakin shago kamar baƙuwa. Auta ta tashi ta gaishe ta, ta ba ta kujera.

"Yayanki ba ya barci a can," in ji Umma. "Anti ta ce ya fara zama shi kaɗai yana kuka. Yaran an kore su daga makaranta. Lauya ya ce in kika janye maganarki abin zai yi sauƙi. Auta, ni na haife ki. Ɗa ɗaya na rasa, kada ki sa in rasa biyu."

"Wanne kika rasa, Umma? Yana ciki. Shiga ki gaishe shi tukuna, sai mu yi magana."

Umma ta daɗe tana kallon labulen ɗakin baya kafin ta ɗaga. Dogo na zaune a tabarma da tarin tsummoki a gabansa. Ya ɗago ya ga mace tsaye a kansa tana hawaye. Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya gyara zama, ya durƙusa a gabanta da ladabi.

"Baiwar Allah, ke ce matarsa? Ki yafe mini. Ni ba ni da kowa da zai zo ya ba ki haƙuri, shi ya sa kika ga ban aiko ba."

Umma ta dafa bango. Ta ce, "Dogo, ni ce," ta sake cewa, "Ni ce." Ya ci gaba da roƙonta gafara, kansa a ƙasa.

Ta fito tana jan ƙafa. Auta ta riga ta koma kan keke, ta sa rigar wata a ƙarƙashin allura.

"Ranar Litinin ne zaman kotu," ta ce. "Zan je da wuri, in sami wuri a gaba."